Gonar da Na Zana da Koren Layi

Ni ne na yi laifi, kuma ba laifin rashin sani ba ne. Ƙarya na yi, na ɗora wata a kanta, har sanadin haka wani dattijo makiyayi ya kwashi shanunsa da iyalinsa ya bar ƙauyen da yake zaune tun kafin a haife ni. Na daɗe ina ba da labarin nan a karkace, ina cewa hoto ne ya ruɗe mu. Hoto bai ruɗi kowa ba. Ga yadda abin ya faru.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofishin safiyo a Kazaure. Ban yi karatu mai zurfi ba. Daga sakandare na tsaya, aka kai ni wurin mai ofishin don in riƙa riƙe masa sanda da igiyar awo in an fita daji. Da ya sayo kwamfuta, sai ya zamana ni ne mai haƙurin zama a gabanta, har na iya zanen fili a cikinta. Daga baya na koyi abin da ya ɗaga ni sama da sauran ma'aikata. Nakan sauko da hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama, in shigar da shi cikin zanen, in ja shi, in juya shi, har ya hau daidai kan lambobin wuraren da muka auno a ƙasa. In ya zauna, sai ya zama kamar tabarma a ƙarƙashin zanen. Ga hanya, ga rafi, ga inuwar kowace bishiya. Abin da ya rage kawai ka bi da linzamin kwamfuta kana jan layi a kai. Aikin da a da muke shan rana a kansa, sai ga shi ina yi a ƙarƙashin fanka. Maigidan ofishin yakan kira baƙi su zo su ga unguwarsu daga sama, yana dafa kafaɗata yana cewa ni na iya. Girman kai ya shige ni ban sani ba.

Sai muka samu aikin shata burtali da wuraren kiwo a wasu ƙauyuka tsakanin Roni da Gwiwa. Za a zana, sannan a kafa turakun siminti, don manoma su daina cin hanyar shanu, shanu kuma su daina faɗawa gonaki. Muka tsara cewa koren layi na shanu ne, ja na gona.

Maigida ya tsaya a kaina ya ce, "Duk inda ka ja kore, ka hau babur ka je ka taka wurin da ƙafarka. Kada ka kawo mini takarda in sa hannu sai ka gani. Ka ji ko?"

Na ce, "Na ji, Yallaɓai."

A bayan wani ƙauye a yankin Gwiwa, hoton ya nuna burtali ya zo ya buɗe cikin wani fili. A tsakiyar filin akwai baƙin tabo mai faɗi, ga bukkoki a gefe, ga fararen ɗige-ɗige da ko makaho ya san shanu ne, ga sawun ƙafarsu ya fita ta ko'ina kamar saiwa. Na ce wannan mashekari ne, wurin zaman shanu. Na zagaye shi da kore gaba ɗaya.

Kowa a ƙasarmu ya san cewa in an kwashe amfanin gona, manomi yakan gayyato makiyayi ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, su bar masa taki. Ni ma na sani. Kakana na wajen uwa yana yi, na sha nonon irin wannan sauka ina ƙarami. Amma a gaban kwamfuta ban tuna ba. Da rani aka ɗauki hoton, lokacin da gona da daji duk launinsu ɗaya, kuma ban tsaya na tambayi kaina yaushe aka ɗauke shi ba.

Da na je da ƙafata, da komai ya ƙare a nan. Na taka wuraren da suke kusa, duk na same su yadda hoto ya nuna. Ranar da zan je bayan Gwiwa bazara ta yi tsanani, kuma na san hanyar yashi ce, sai an sauka ana tura babur. Na tsaya a Roni in sha fura. Kasuwa na ci, na haɗu da wani abokina mai gyaran babur, na zauna a rumfarsa. Hira ta ja mu har la'asar. Na ce wa zuciyata, duk wanda na duba ya yi daidai, me zai sa wannan ya bambanta? Na juyo gida.

Washegari maigida ya ce, "Ka je bayan Gwiwa?"

Na ce, "Na je."

"Mashekari ne?"

"Mashekari ne, Yallaɓai. Da idona na gani."

Ya sa hannu. Aka kai takardar wa masu aikin, wato waɗanda suka ba mu kwangilar, suka buga hatiminsu.

Ranar kafa turaku aka haɗa ni da shugaban leburori da motar da ta ɗauko siminti, don ni zan nuna inda za a haƙa. Muna sauka na taka filin, na dubi ƙasa. Ƙarƙashin kashin shanun kunyoyi ne. Ga guntayen karan gero a jere. Can gefe ga layin gamba ya miƙe, irin wanda ake shukawa a iyakar gona. Babu wanda zai tsaya a nan ya ce daji ne.

A gindin wani gawo dattawa biyu ne zaune a kan buzu, ƙwaryar fura a tsakaninsu. Ɗaya mai gonar ne, ɗaya makiyayin da ya sauka a cikinta. Muna matsowa na ji mai gona yana cewa, "Kai, shanun nan naka bana rowa suke yi. Ci kamar fara, kashi kamar na akuya."

Makiyayin ya ce, "Karan naka ne kamar tsinken sakace. Ka ba su yunwa, kana jiran su cika maka gona?"

Suka yi dariya. Mai gona ya hango mu ya ce, "Maraba da samari. Rijiya aka kawo mana?"

Shugaban leburori ya durƙusa ya gaishe su, ya yi bayani. Da farko tsohon mai gonar dariya ya ci gaba da yi. Ya ce, "Wurin kiwo? Ɗana, a nan kakana ya yi noma. Kun yi ɓatan hanya ne."

Shugaban leburori ya buɗe takardar ya nuna masa koren layin. Ya ce, "Baba, ba ni na zana ba. Ga wanda ya zana, kuma ya zo da kansa ya duba." Ya nuno ni.

Tsohon ya ɗaga kai ya dube ni, babu fushi a fuskarsa tukuna. Ya ce, "Yaushe ka zo, ɗana? Wa ka tarar?"

A nan Allah ya buɗe mini ƙofa, ni na rufe ta. Na tuna sa hannun maigida, na tuna hatimin masu aikin, na tuna kujerata a ƙarƙashin fanka. Bakina ya ce, "Masu shanu na tarar, Baba. Su suka ce mini wurinsu ne."

Makiyayin ya ajiye ludayin da ke hannunsa a hankali. Ya ce, "Ni ban taɓa ganin wannan yaron ba." Ya juya wajen abokinsa ya sake faɗa. Mai gona bai dube shi ba. Ƙasa yake kallo.

Shugaban leburori ya ce shi umarni aka ba shi, mai ƙorafi ya kai ofis. Aka fara haƙa. Ni nake tafiya a gaba da na'urar da ke nuna wuri, ina cewa nan, nan, ana dasa siminti a kan kunyar mutum. Da muka gama na waiga gindin gawon. Buzun na nan, ƙwaryar na nan da sauran fura, dattawan kowa ya kama gabansa.

Abin da ya biyo baya a bakin leburori na riƙa jinsa, don wasunsu 'yan yankin ne. Makiyayin ba baƙo ba ne. Da damina yana zaune a wani tudu a gefen ƙauyen, da rani ya sauko gonar abokinsa, haka suke tun suna da baƙin gashi. Yanzu aka ce ya haɗa baki da ma'aikata ya ci gonar. Matansa suka riƙa dawowa da nonon da suka kai talla, babu mai saye. A bakin rijiya aka ce su jira sai kowa ya gama. 'Ya'yan mai gona suka je masa da maganganu, aka ce samarin gari sun fara yawo da gora a hannu. Duk wanda ya kawo mini labari sai in girgiza kai in ce Allah ya kyauta.

Dagacin ƙauyen ya aiko ofis a turo masa wanda ya zana. Maigida ya ce, "Je ka faɗi abin da ka gani, ai kai ne shaida."

Da hantsi aka zauna a ƙofar gidan dagaci. Jama'a sun cika, har kan katanga. Makiyayin yana zaune gefe guda da babban ɗansa, su biyu kawai, an bar fili tsakaninsu da kowa. Dagaci ya ce, "Malam, dube shi da kyau. Shi ne ya ce maka wurinsu ne?"

Na dube shi. Shi ma ni yake kallo, ko ƙiftawa ba ya yi. Na kasa cewa shi ne, na kasa cewa ba shi ba ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban riƙe fuska ba."

Wani daga baya ya ce, "In ba shi ba ne, ai ɗansa ne!" Hayaniya ta tashi. Ɗan ya yunƙura zai miƙe, uban ya riƙe masa gwiwa.

Makiyayin ya ce, "Ranka ya daɗe, a kawo Alƙur'ani. Ni da 'ya'yana duk mu dafa."

Dagaci ya ce ba a kai nan ba. Ni kuwa na san in aka kawo, ni ma za a ce in dafa.

Sai mai gona ya juya wajen abokinsa. Ya ce, "Shekara da shekaru ina kiranka kana sauka. Rumbuna ban taɓa rufe maka ba. Ashe ido ka sa wa gonar."

Makiyayin ya dogara sandarsa ya tashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba sai an kore ni ba. Zan tashi."

Dagaci ya ce ya dakata a bincika.

Ya ce, "Matana ba sa iya ɗebo ruwa. Wannan kuma ya faɗi abin da ya faɗa. Me zan jira?" Da zai wuce ta gabana ya ɗan tsaya. Na zaci zai zage ni. Ya ce, "Allah yana gani," ya wuce.

Na koma Kazaure na buɗe zanen. Na kama koren layin da linzami na janye shi daga gonar. Ko numfashi ban gama ba ya koma inda ya kamata. Na zauna ina kallo. Amma turakun suna ƙasa, takarda mai hatimi tana hannun masu aikin, gyaran da na yi a ɓoye ba zai cire ko ɗaya ba. Na ji tafiyar maigida, na yi sauri na mayar da layin inda yake.

A gida matata ta ce, "Lafiya kuwa? Tuwo yana hucewa a gabanka kullum." Na ce zafi ne.

Hadari ya fara haɗowa daga gabas. Mutane suna gyaran gonaki, mai gonar nan kuwa an ce masa kada ya taɓa cikin turaku sai an yanke hukunci. Ana haka wani lebura ya shigo ofis ya ce mini, "Mutumin nan fa ya tashi. Har bukkokin tudun ya kwashe." Abin da na ji a raina shi ne sanyi. Na ji daɗi. Na ce shi ke nan, wanda zai ƙaryata ni ya yi nisa. Ina tafiya masallaci sallar azahar jin daɗin nan yana tare da ni, na yi alwala yana tare da ni. Da na ɗaga hannu zan yi kabbara sai tsoron kaina ya kama ni. Mutum ya rasa mazauninsa saboda ni, ni kuwa murna nake yi.

Daga masallaci ofishin maigida na wuce kai tsaye, kafin zuciyata ta sake shawara. Na ce, "Yallaɓai, ban je bayan Gwiwa ba. A Roni na tsaya. Wurin nan gona ce, kuma babu mai shanun da ya ce mini komai."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Sake faɗa."

Na sake.

Ya daki tebur har kofin shayi ya faɗi. "Ka sa na sa hannuna a kan ƙarya! Ka je gaban dagaci ka zauna kamar mutumin kirki! Da an zubar da jini a garin nan fa? A wuyan wa?" Sauran ma'aikata suka leƙo, ya daka musu tsawa suka koma. Sai ya ɗauki makullin mota ya ce, "Tashi."

Wurin masu aikin muka fara zuwa. Shi ya shiga, ya bar ni a waje, ya fito fuskarsa kamar an shafa mata toka. Bai yi mini magana ba har muka isa ƙauyen, sai sau ɗaya da ya ce daga yau kada in sake taɓa kwamfutarsa, in koma riƙon sanda in ina so.

Dagaci ya tara mutane. Na tsaya a inda na zauna wancan karon, na faɗi komai, har furar Roni ban ɓoye ba. Ban gama ba ɗaya daga cikin 'ya'yan mai gona ya shaƙe mini wuyan riga. Dagaci ya ce, "Sake shi! Kai ma da gorarka ka je wa mutumin." Ya sake ni. Kowa yana kallon ƙafarsa. Maigida ya ce a kawo diga. A gabansa aka tono turakun aka loda a mota.

Na je na durƙusa gaban mai gona na ce ya yafe mini. Yana zaune ya jingina da bango. Ya ce, "Gona ta dawo. To abokina fa?"



Ya ci gaba da cewa, "Ni na faɗa masa maganar nan a bainar jama'a, da bakina. Kai ka sa mini ita a baki, amma ni na faɗa. Ƙafafuna ba za su kai ni inda yake ba. Ka nemo shi. Ka ce gonar tana nan, tudun yana nan, ni ma ina nan in zai iya kallona. Sai ka dawo mu yi maganar yafiya."

Na yi ta tambaya a kasuwanni wurin dillalan shanu, har wani ya ce an gan shi a ƙasar Babura, wajen Kanya Babba, inda surukansa suke. Ruwan farko ya riga ya sauka lokacin da na hau babur. Ko'ina mutane ne a duƙe suna shuka. Na yi ta bin kwatance har na same shi a gefen wani fako, an kafa bukkoki a gurguje, shanun a takure don gonaki sun kewaye su ta ko'ina.

Babban ɗansa ne ya fara ganina. Ya gane ni, ya tsaya a gabana da sanda a kafaɗa bai amsa sallamata ba. Uban ya fito daga bukka ya ce masa wata magana da Fulatanci, ɗan ya matsa. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa. Na kasa sha.

Na ce, "Baffa, an cire turakun. Na faɗi gaskiya a gaban dagaci da jama'a. Abokinka ya ce in gaya maka gonar tana nan, tudun yana nan, shi ma yana nan."

Ya dubi shanunsa. Ya ce, "Yana lafiya?"

Na ce, "Yana lafiya. Amma ba ya ɗaga kai."

Ya ce, "Bana kam ba zan koma ba. Na roƙi wuri a nan an ba ni, ba zan ce wa mutane na fasa ba. Matan nan kuma ba za su iya komawa bakin rijiyar nan yanzu ba. In rani ya yi, in muna da rai, ya aiko ya kira ni yadda ya saba. Sai in ga abin da zuciyata za ta ce." Ya juyo ya dube ni. "Saƙon ke nan? Ko akwai saura?"

Na sauka daga tabarmar na durƙusa a ƙasa, a gabansa da gaban ɗansa. Na ce, "Akwai nawa, Baffa. Ban taɓa zuwa wurinka ba, ban taɓa jin komai daga bakinka ko bakin 'ya'yanka ba. Ƙiwuya ta hana ni zuwa, tsoro ya sa na ɗora maka. Na ga ana ƙaryata ka na yi shiru. Da na ji ka tashi, daɗi na ji. Ni na raba ka da wurinka, ni na raba ka da abokinka. Ba ni da abin da zan biya ka da shi. Don Allah, Baffa, ka yafe mini."